Yadda za ka fara karatun Majrooh ba tare da ka ruɗe ba

Duk wanda yake son sanin Sayd Bahauddin Majrooh, mawaƙin Afganistan kuma ɗan jarida da aka kashe yana gudun hijira a birnin Peshawar na Pakistan, shawarata ɗaya ce, kar ka fara da babban littafinsa. Fara da waƙoƙin matan da ya tattara. Ta nan ne za ka gane mutumin.

Amma tukuna gyara neman sunan. Masu Turanci suna rubuta Majrooh, Faransawa kuma Majrouh suke sawa, to in ka shiga intanet gwada duka biyun, don yawancin aikinsa da aka fassara da Faransanci yake tunda a birnin Montpellier na Faransa ya yi digirinsa na dakta. 'Yan'uwanmu na Nijar nan kun fi mu sa'a gaskiya.

To waƙoƙin nan sunansu landay, na ƙabilar Pashtun ta Afganistan da Pakistan ne, kuma layi biyu ne kacal, na farko gaɓa 9 na biyu 13, duka 22 kenan. Ba a san wadda ta fara yin kowacce ba, baki da baki suke yawo, a wajen ɗiban ruwa, a gidan biki, daga baya kuma a sansanonin 'yan gudun hijira. In ka samu tarin da ya yi, wanda marubucin Faransa André Velter ya taya shi mayarwa Faransanci kuma akwai shi da Turanci, dan Allah kar ka zuba shi a ciki dare ɗaya. Karanta uku ko huɗu ka ajiye. Kowacce ka tambayi kanka, wa take yi wa magana? Wani lokacin masoyi ne da take zuga shi ya zo da dare ko da za a kashe shi, wani lokacin mijin da aka ɗaura mata dole ne, tsoho ko yaro ƙarami, tana yi masa ba'a mai zafi, wani lokacin kuma ƙasar da aka baro ce take kuka da ita. Za ka ga macen da ake cewa bata da baki a gida ashe tana faɗin abin da namiji ba zai iya furtawa a gaban mutane ba, kuma Majrooh bai tace maganarsu ba don ya faranta wa kowa. Ni wannan ne ya sa nake girmama shi sosai, farfesa ne, ya riƙe shugabancin tsangayar adabi a jami'ar Kabul, har gwamnan lardin Kapisa ya yi, amma ya zauna ya saurari matan ƙauye da basu taɓa shiga aji ba.

Bayan nan sai ka ɗauki biro ka jera shekaru, in ba haka ba labarin zai cakuɗe maka. An haife shi 1928. An kifar da Sarki Zahir Shah 1973. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a Disambar 1979, shi kuma ya tsallaka Pakistan a 1980.

Sai aikin jarida. A Peshawar ya kafa cibiyar yaɗa labaran Afganistan, suna fitar da rahoto duk wata, labaran kuma daga bakin waɗanda suka fito daga cikin ƙasar ake samo su, mayaƙa da matafiya da waɗanda aka ƙona musu ƙauye, 'yan jaridar waje da yawa sai sun biya ta wajensa kafin su san inda aka dosa. Idan kana karanta wannan ɓangaren ka lura da abu ɗaya, bai zama kakakin kowace ƙungiyar mujahidai ba duk da yana adawa da mamayar Sobiyet. A 1987 cibiyar ta tambayi 'yan gudun hijira wa suke so ya jagorance su, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce tsohon sarki, wanda lokacin yana zaune a Italiya, shugabannin ƙungiyoyin kuwa ba su samu wani abin kirki ba. Ya buga sakamakon yadda yake. Ranar 11 ga Fabrairu 1988 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa, mutane da yawa kuma sun ɗora zargin kan ƙungiyar Hezbi Islami ta Gulbuddin Hekmatyar. Allah ya jiƙansa.

Sai ka gama duk wannan sannan ka tunkari babban aikin, Ego-Monstre a Faransanci, labarin wani matafiyin dare da yake bi gari-gari yana gargaɗin mutane kan dodon son kai da zalunci. Akwai nauyi, salon sufaye ne da falsafa a haɗe, kuma juzu'i biyu ne. Ka riƙa karanta shafi kaɗan-kaɗan da takardar shekarun nan a gefenka, duk inda ka ga matafiyin ya isa wajen 'yan hijira ka koma ka sake duba abin da ya faru tsakanin 1987 da 1988.