Yadda Za Ka Sa Aikinka Cikin Lissafin Kalori Idan Kana Son Rage Ƙiba

Mai dako a kasuwar Tudun Hatsi da ma'aikacin da ke wuni kan kujera a sakatariyar Gombe, ko da nauyinsu da shekarunsu ɗaya ne, abincin da jikinsu ke ƙonewa ba ɗaya ba ne. Tazarar takan kai kalori 900 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Shi ya sa wanda ya fara lissafin abinci bai sa aikinsa a ciki ba, ko dai ya azabtar da kansa da yunwa a banza, ko ya share wata guda sikeli bai motsa ba.

Da farko, gano abin da jikinka ke ƙonewa ko da kwance ka wuni. Lissafin Mifflin-St Jeor na 1990 ya isa: ninka nauyinka na kilo sau 10, ninka tsawonka na santimita sau 6.25, haɗa su, sai ka cire shekarunka sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Magidanci mai shekara 40, kilo 85, santimita 172, zai samu 1,730.

Sai ka ninka wannan adadi da nauyin aikinka. Mai wuni a zaune, 1.2. Mai ɗan kai-kawo, kamar malamin makaranta ko mai tsaron shago, 1.375. Wanda ƙafarsa ba ta hutawa, kamar nas mai zagayen ɗakin marasa lafiya, 1.55. Lebura, mai dako, manomi a lokacin huɗa, 1.725. Magidancin nan namu kenan zai tashi daga kusan 2,080 in ɗan ofis ne, zuwa kusan 2,980 in buhun masara yake wuni yana sungumawa.

A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, don suna auna aiki da gajiya. Direban Keke Napep da ya wuni cikin zafin watan Afrilu zai dawo gida a gajiye tiɓis, baya na ciwo, riga ta jiƙe sharkaf, amma a zaune ya wuni. Haka tela, haka mai POS. Gumin zafin rana ruwa ne kawai ya fita, kitse na nan. Saboda haka ka ɗauki takarda, ka yi kwana uku kana rubuta awa nawa ka yi a zaune, nawa a tsaye, nawa kana tafiya ko ɗaukar kaya. In ka rasa tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa. Wannan shawara ce da nake ba kowa ba tare da shakka ba.

Kada ka manta ranakun hutu. In kwana biyar kana kan 2,680 (wato 1,730 sau 1.55), Asabar da Lahadi kuma kana gida kan 2,080, haɗa ka raba bakwai, zai ba ka kusan 2,510.

Daga wannan adadi ne za ka rage kalori 300 zuwa 500 a rana. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700, don haka ragin 500 zai sauke maka wajen rabin kilo a mako. Ba sai ka bar tuwo ba. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kusan 120 ne, kwalbar lemo ɗaya kusan 150, ga kuma sukarin shayin safe.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka ƙirga aikinka sau ɗaya tak. In ka riga ka zaɓi 1.55 saboda zirga-zirgar wurin aiki, kada ka sake ƙara kalorin da agogon hannu ko waya suka ce takunka ya ƙone. Binciken Jami'ar Stanford na 2017 ya nuna ko mafi ingancin agogunan da aka gwada yana kuskure da kashi 27 cikin ɗari wajen ƙirga kalori.

Sauran aikin na sikeli ne. Riƙa hawa da safe kafin karin kumallo, sau biyu ko uku a mako, ka duba matsakaicin mako uku. In bai sauka ba, rage 150 ka sake jira. In kuma jiri na ɗibarka a bakin aiki, ƙara abinci. Aiki ya sauya, ko damina ta wuce an gama girbi, ko azumi ya kama, sai a sake lissafi. Mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, su ga likita kafin su rage ko loma ɗaya.