Darasi na Bakwai: Ranar da Aka Rubuta a Kati

Idan aka sallami mai larurar tabin hankali daga asibiti, ko Dawanau ne a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, akan ba shi kati. A jikin katin akwai lambarsa da ranar da zai koma ganin likita. Sallama ba warkewa ba ce. Ciwon ya lafa ne, sauran jinya sai a gida.

Ga inda ake samun matsala. Mutum ya dawo yana barci, yana cin abinci, yana gaisawa da jama'a, sai 'yan gida su ce ai ya warke, a bar wahalar tafiya. Magani ya ƙare, ba a koma ba. Bayan makonni ko watanni barci ya ƙaurace masa, surutu ya dawo, a sake kwantar da shi. Abin da za a kashe a lokacin ya fi kuɗin mota nesa ba kusa ba, ga wahalar da bawan Allah zai sha.

Don haka a ware mutum ɗaya a gida ya riƙe katin, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Ya yi wa ranar alama a kalanda, ko ya sa waya ta tuna masa. A fara tara kuɗin mota tun da saura mako biyu. Majinyacin ma a sanar da shi cikin mutunci, ba a tashe shi da asuba kawai a ce ya shirya ba.

Wasu kan ƙi komawa saboda maganin na sa su rawar hannu, sandarewar wuya, dalalar miyau ko yawan barci. Kada a daina sha da ka. A gaya wa likita, zai iya rage shi ko ya canza. Mai karɓar allurar wata-wata kuma, a tambaya ko za a iya yi masa a asibiti mafi kusa. Addu'a a ci gaba da yi, amma kada ta sa a ajiye magani.

In ranar ta wuce, ba abin kunya ba ne, a je ranar ganin likita ta gaba. Amma in ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira ranar kati, a tafi yau.

Aikin aji: an rubuta 14/3 a kati. Lambar farko rana ce, ta biyu wata. Rubuta ranar da kalmomi a littafinka.