Yadda ake auna amon tsirkiya da Arduino don saita jita

Idan aka kaɗa tsirkiya, karkarwa take yi, kuma yawan karkarwar a daƙiƙa guda shi ake aunawa da Hz. Tsirkiyar jita ta biyar, mai suna A, tana ba da 110 idan ta zauna daidai. Mafi kaurinsu 82.4 take bayarwa, siririyar kuma 329.6.

Ka tanadi Arduino Uno, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri, da ɗan makirufo mai na'urar ƙara sauti ta MAX4466, da fitilun LED uku. Haɗa ƙafafun makirufon da ramukan Uno: VCC da 5V, GND da GND, OUT kuma da A0. Kafin ka ci gaba, sa wa Uno shirin da zai karanta A0, sannan ka buɗe Serial Monitor, tagar da ke nuna lambobin a kwamfuta, cikin ɗaki shiru. Ya kamata ka ga lamba kusa da 512, wato tsakiyar 0 da 1023, iyakar lambobin da A0 ke bayarwa.

Uno na iya karanta A0 kusan sau 9,600 a daƙiƙa, ya ishi jita. Ka sa shi ya ƙirga duk lokacin da lambar ta haura tsakiya, amma ka bar rata: sai ta sauka ƙasa da 480 sannan ta wuce 540 za a ƙirga ɗaya. In babu wannan ratar, hatta ƙarar fanka sai ta shiga lissafi. Da umarnin micros(), mai ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, za ka auna lokacin da zagaye goma suka ɗauka, ka raba 10,000,000 da shi. Idan lokacin ya zama 90,909, to 110 ke nan cif. Fitila ɗaya ta nuna a ƙara ɗaurewa, ɗaya a sassauta, koriya kuma an dace.

Inda aikin ke ba da wuya shi ne tsirkiya ba amo ɗaya take fitarwa ba. Akwai ninkinsa a sama, sai ka ga na'urar ta rubuta 220 maimakon 110. Kada ka yi saurin zargin lissafinka. Kaɗa da tsokar babban yatsa daidai tsakiyar tsirkiyar, domin a nan ninki biyun yake raunana, kuma ka bar ƙarar farko ta lafa kafin a soma ƙirga.

Gurmi da garaya kuwa ba su da lambar da aka yanka musu, da muryar mawaƙi ake daidaita su. Bari makaɗi ya saita da kunnensa har ya gamsu, sannan ka rubuta lambar da ta fito a cikin shirin. Ranar da sanyin damina ya saki fata amo ya sauka, da wannan lambar za a maido da shi.