In ka murɗa makullin tsohuwar Fijo ta yi maka shiru

Salamu alaikum ƴan'uwa masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman masu Fijo 404 da 504 da 505 da har gobe suke jigila tsakanin Damagaram da Mirriya da Magarya da Tanut. 404 tun 1960 ta fito, 504 kuma 1968, to motar da ta kwana biyu haka dole wata rana ka murɗa makulli ta ƙi tashi. Abin da ke min ciwo shi ne da zarar haka ta faru sai kowa ya ce ai kontak ne, wato wurin da ake sa makulli a tayar da mota, a ɗauko pensa a yanyanke wayoyin ƙarƙashin sitiyari a riƙa haɗa su da hannu, alhali sau da yawa kontak ɗin ba ruwansa, an dai lalata mota a banza.

Fara da batiri malam, kar ka taɓa kontak tukuna. Kunna manyan fitilu ka sa yaro ya tsaya gaba, sannan ka murɗa. In fitilun suka dushe kamar za su mutu ko ka ji tak tak tak da sauri, wutar batiri ce ta yi ƙasa ko kawunansa sun yi wannan farin gishirin, kwance su ka kankare ka ɗaure tam. Batiri mai lafiya da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6 a mita, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi, kuma zafin Afrilu da Mayu na garin nan yana shanye ruwan batiri da wuri, a riƙa leƙawa. Duba kuma wayar mas, wato wadda ta tashi daga batiri ta kama jikin mota da inji, tsatsa kaɗan a wurin ta isa ta hana demarer, wato na'urar da ke murza inji ya tashi, juyawa.

To in fitilu suna nan garau ba su ko girgiza ba kuma demarer bai ce uffan ba, yanzu ne za mu waiwayi kontak. Abu biyu ne a haɗe, mutane da yawa ba su lura ba. Akwai ƙarfen da makulli ke shiga wanda kuma shi ke kulle sitiyari, makanikai na ce masa neman, sannan a gindinsa akwai wani ɗan gwangwani na roba mai wayoyi, shi ne mai raba wuta. Kowanne da irin ciwonsa.

In makulli ne ya ƙi juyawa, kar ka sa ƙarfi don Allah, karyewa zai yi a ciki ka shiga wata wahalar. Galibi sitiyari ne ya danne harshen kullen, sai ka riƙa jijjiga sitiyarin hagu da dama kana murɗawa a hankali. In ba shi ba ne to ƙurar hunturu ce ta cika ramin, ko makullin ya siɗe. Kar a ɗiga baƙin mai a ciki, mai yana kama ƙura ya zama taɓo, bayan wata ɗaya abin ya fi da muni. A hura iska, a goga bakin fensir a jikin makullin a sa a cire a sa a cire, wannan baƙin garin na fensir shi ne maganinsa. Kuma masu rataya makullan gida da na shago da na sito duk a zobe ɗaya, nauyin nan yana lilo a kan hanya mai gargada yana cinye cikin neman ɗin, a raba su.

Ɓangaren wuta shi ya fi son natsuwa. A jikin kontak ɗin Fijo za ka ga haruffa, St mota a kashe, A ko G a tsakiya inda inji ke kashe (A ita ce ke ba rediyo wuta), M ita ce inda mota ke tafiya, D kuma ta tayarwa wadda ke dawowa da kanta in ka saki. Kayan aikinka ƙwan fitila ne mai bolt 12 da aka ɗaura wa waya biyu, ba sai ka sayi wani abu mai tsada ba. Waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗayar kana taɓa bakin wayoyin kontak ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai kauri da ta taho daga batiri, ita dole ƙwan ya kama ko da makulli na aljihunka, in bai kama ba to wutar ma ba ta iso ba, bi wayar baya ka nemo inda ta tsinke. Murɗa zuwa M, wayar da ke zuwa bobin (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) da fitilun tablo (allon da ke gaban direba) ta kawo wuta. Riƙe a D, siririyar da ke zuwa demarer ta kawo. A Marsandi da Volkswagen ma an sa masu lamba, 30 ta batiri, 15 ta bobin, 50 ta demarer. In wuta ta shiga amma ba ta fito ta inda ya kamata ba, shi ke nan ka kama mai laifi. In kuma ta fito lafiya, je ka gwada a can bakin demarer ɗin, wuta na isa can amma shiru, to demarer ne ko gawayin da ke cikinsa mai kai masa wuta, ka bar kontak ya huta. Kafin duk wannan ka tabbata giya tana firi, ka ja birkin hannu, kar mota ta zabura kan wanda ke gabanta.

Akwai matsalolin da suka fi wahalar kamawa, masu zuwa su tafi. Kana cikin tafiya kan hanyar Takeita mota ta mutu ɗif, fitilun tablo ma su ɗauke gaba ɗaya, ka taɓa makulli ta dawo. Wannan kusan kullum tagullar cikin gwangwanin ce ta ƙone ta yi baƙi. Gwada a tsaye, inji na aiki ka ɗan girgiza makullin, in tablo ya yi ƙyafta ko inji ya yi tuntuɓe to shi ne. Taɓa bayan kontak ɗin bayan tafiya, in ya yi zafi ko kana jin ƙaurin roba kar ka jira gobe. Wata kuma sai ta tashi muddin kana riƙe da D, kana saki ta mutu, nan ko dai M ɗin ce ta mutu ko kuma, a motocin da ke da shi, ɗan farin rezistans ɗin nan mai rage wuta da ke kusa da bobin ne ya ƙone, duba shi tukuna don ya fi araha. Mafi haɗari ita ce makulli ya maƙale a D bai dawo ba, demarer ya ci gaba da kuka bayan inji ya tashi, kashe nan take, in ya ƙi ka cire kan batiri na mas, in ba haka ba demarer ya ƙone haƙoransa su tafi.

Wani abu da direbobinmu ke yi, a bar makulli a M ana sauraren rediyo a tasha inji a kashe. A motar esans, wato fetur, mai platin (ƴan ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa don ba bobin wuta) wannan yana dafa bobin ya ƙona platin ɗin. A mayar da shi kan harafin A.

In ta tabbata kontak ne, cire kan batiri na mas kafin ka sa hannu, domin wayar nan mai kauri a yawancin tsofaffin motoci ba ta bi ta fizibil ba, wato fis ɗin da ke yanke wuta in ta yi yawa, tana taɓa ƙarfe sai tartsatsi da hayaƙi, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon mutane su daina barin wayoyi tsirara suna reto a ƙarƙashin tablo, mota cike da fasinja da jarkar mai a baya. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. Sau da yawa gwangwanin baya kaɗai za ka canza, makullinka na nan yadda yake. In kuma neman ɗin duka ne, a wasu motocin kusoshinsa ba su da kai, da gangan aka yi su haka saboda ɓarayi, sai an sa kurfi da guduma an kwankwasa su a hankali sun juya. Wajen sayen na hannu ka tafi da tsohon, ka ƙirga wayoyin su zo daidai, ka murɗa ka ji D na dawowa da ƙarfinta. Sannan ka ce wa mai gyaran wuta ya sa maka rele tsakanin kontak da demarer, ta yadda wuta mai nauyi za ta bi ta rele ɗin, kontak kuma ɗan kaɗan kawai zai ɗauka, sabon da ka sa zai daɗe bai ƙone ba.