Shawara ga masu koyar da nahawun Hausa: ku dubi abin da ke bayan mahaɗi

Assalamu alaikum malamai ƴan uwana na Tawa. Wannan shawara ce ga masu fama da darasin ganga dogarau, wato ɓangaren jimlar da ba ya tsayawa shi kaɗai, a aji.

Kada ku fara da jera wa yara mahaɗai, irin su "kafin" da "idan", su haddace. Ku rubuta rabin jimla a allo, misali "Kafin motar Konni ta tashi", ku yi shiru. Da kansu za su ce, "To sai me, Malam?" Wannan tambayar tasu ita ce darasin: mahaɗi ya hana gangar tsayawa da ƙafarta, sai an kawo tsayayyar ganga ta tallafe ta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lokacin aikatau. Bayan "lokacin da" ko "waɗanda", ba a cewa "sun zo", sai "suka zo". "Yana" kuma ya koma "yake". Bayan "kafin" da "don" na manufa kuwa, cewa ake "kafin su zo", "don su ci". "Idan" mai sauƙin kai ne, yana karɓar "idan sun zo" da "idan suka zo". Shi kuma "don" fuska biyu gare shi: "don ya ci" manufa ce, "don ya gaji ne" dalili.

Yaron da ya rubuta "da sunka zo", don Allah kada a ja masa jan biro haka kawai. Aderanci ne, wato Hausar yankin Ader, kuma ƙa'idar ya bi daidai. A nuna masa dai cewa a daidaitacciyar Hausa "suka" ake rubutawa.