Yadda 'Yar Wasan Alkafura Za Ta Gane Lokacin Barin Gasa Ya Yi

Na daɗe ina koyar da yara mata wasan alkafura, wato jimnastik, kuma iri biyu nake ta gani. Wata ta zame daga kan siririn katakon da ake alkafura a kansa mai faɗin santimita 10 ranar gasa, ta fashe da kuka, ta rantse ta bar wasa har abada. Wata kuma bayanta na ciwo wata shida, ta ɗaure da bandeji ta yi gum. Ta biyun ce ke hana ni barci.

Abu na farko, kada ki yanke shawara ranar da kika sha kaye. A wajena wannan doka ce. Ki yi mako biyu ba ki leƙa wurin atisaye ba. Idan kin fara kewar ƙurar alli a tafin hannunki, da sauranki. Idan kuwa numfashi kika sauke, ki riƙe wannan a ranki mu ci gaba.

Na biyu, ki raba tsoro da ciwo. Akwai ruɗewar da ke kama 'yar wasa tana tsakiyar juyi a iska, ta rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Ita ta sa Simone Biles ta Amurka ta janye daga wasan ƙarshe na ƙungiya a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Ta huta shekara biyu, ta dawo a 2023, ta ci zinare uku a Paris a 2024 tana da shekara 27. Irin wannan hutu yake so, da komawa ramin soso, inda ake faɗawa ba a ji ciwo ba, a sake koyon juyin daga tushe. Ba dalilin barin wasa ba ne.

Ciwon ƙashi daban ne, kuma a nan ni kaina na yi kuskure. Wata ɗalibata mai shekara 14 ta ce min, "Malam, ƙuguna na sara idan na lanƙwasa baya." Na ce tsoka ce, ta shafa man zafi. Wata uku tana tsalle a haka. Da aka ɗauki hoto, ashe ƙashin gadon bayanta ne ya tsage ta can ƙasa. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Don haka ki lura da wurare biyu. Ƙasan baya da ke ciwo duk lokacin da kika gantsare, musamman ta gefe ɗaya. Sai wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, inda ƙashin yarinya ke ƙara tsawo. Yawan dogara nauyi a kansa na iya tsayar da girman wajen. Ciwon da ya wuce mako uku, ko yake tashinki da dare, na likitan ƙashi ne, ba na mai tausa ba. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan tsallake tsagewa tun tana sabuwa, shi ya sa nake cewa a yi MRI, wato hoton cikin jiki da ya fi nuna irin wannan tsagewa. Na san akwai tsada. Ku fasa tafiya gasa ɗaya ku biya da kuɗin.

A wajen likita kada ki tambaya yaushe za ki koma. Ki tambaye shi yadda bayanki zai kasance nan da shekara ashirin idan kin ci gaba. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet ta zama zakarar duniya a 1978, ta karye a ƙafa a 1979, aka matsa mata ta koma atisaye ƙafar ba ta gama haɗewa ba. A Yulin 1980, ana dab da Olamfik ɗin Mosko, ta faɗi a kan haɓarta wuyanta ya karye. Ba ta sake tafiya ba har ta rasu a 2006.

Shekaru ba su ne ma'auni ba. Oksana Chusovitina ta je Olamfik sau takwas, na ƙarshe tana da shekara 46. Shawn Johnson kuwa ta ajiye a 2012 tana da 20 saboda gwiwa.

Daga nan ki tambayi kanki don wa kike yi. Yara da yawa kunyar kuɗin da iyaye suka kashe ce ke riƙe su. Ki zauna da mahaifiyarki ki faɗa mata a fili, "Mama, na gaji, jikina ba ya ɗauka." Sannan ku je tare wajen mai horar da ke, ido da ido, ban da saƙon waya.

Idan ciwo ne, ki tsaya nan take. Idan ba shi ba ne, ki ƙarasa gasar da kika riga kika yi rajista. Bayan haka kada ki zauna gaba ɗaya. Ki rage atisaye zuwa kwana biyu a mako, ki shiga ninƙaya, ki ci gaba da miƙa jiki. Mai sha'awa ta nemi kwas ɗin alƙalanci, ko ta karɓi ajin 'yan shekara shida ranar Asabar.