Yadda na shawo kan ƙin karatun yaro a gida

Yaro ne ɗan aji biyu, da an miƙa masa littafi sai hamma da neman hanyar sulalewa. Ƙaro littattafai bai yi amfani ba, alkawarin kyauta kuma ranar kaɗai yake aiki.

Ashe littafin ne ya fi ƙarfinsa. Na sa ya karanta shafi ɗaya a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Kafin ƙarshen shafin, yatsu biyar sun ƙare. Yaron da ke kokawa da kowace kalma, ina zai ji daɗin labari?

Sai na koma littafi mai manyan haruffa da hotuna, wanda kalmominsa masu wuya ba su wuce biyu a shafi ba. Minti 10 kullum, a lokaci guda, talabijin a kashe, waya a nesa. Ni shafi, shi shafi. In ya cije, nakan ƙirga biyar a zuci kafin in faɗa masa kalmar, don saurin gyara shi ke kashe wa yaro gwiwa. Daidai inda labari ya ɗau zafi nake rufewa, sai gobe.

Alhamdulillahi, yanzu da kansa yake ɗauko littafin.